Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa

Mu huɗu muka tafi Kamaru ɗauko yayana, mu huɗu muka dawo. Tabarmar da muka tanadar masa a bayan mota a naɗe ta je, a naɗe ta dawo.

Ni ne Iro, ƙaninsa. Akwai Inna, mahaifiyarmu. Akwai Dije, matarsa. Sai Kawu Bala, ƙanin Inna, mai motar, wata tsohuwar akori-kura da yake jigilar gyaɗa da ita tsakanin Rogo da Karaye. A lokacin shekara biyu ke nan da sake buɗe boda, damina ta kusa ƙarewa.

Sunan yayana na yanka Usmanu. Gari na kiransa Shehu. Inna ba ta kiran ko ɗaya. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya biyu a kan suna ɗaya. Mu Fulanin Gwangwan ne. Hausa ta cinye rabin Fillancinmu, amma ba ta ci wannan ba. Tun ina yaro, in Inna na nemansa sai ta ce, "Je ka ce wa wancan ya zo ya ɗaure maruƙa." In ya shigo ɗaki ta kau da kai. In ya yi zazzaɓi kakarmu ce ke jinya, ita kuwa tana bakin murhu tana hura wutar da ba ta mutu ba. Ba wanda ya ga laifinta. Yabonta ake yi. Mata na cewa 'ya'yansu su yi koyi da ita.

Shekarar ciwon bushiya shanunmu suka zube. 'Yan waɗanda suka rage Shehu ya kora su gabas, ya bar wa Inna saniya ɗaya mai suna Wule, ya ce in ciwo ya wuce zai dawo. Shekara biyar shiru. Sai wani dillalin shanu ya zo kasuwar Rogo da labari. Shanun sun faɗa gandun dajin gwamnati a can Kamaru, an kwashe su. Shi kuma ya ɗaga sanda ya buga wa mai gadi, an ɗaure shi.

"Tari yake yi," in ji dillalin. "Mai son ganinsa ya yi sauri."

Inna ta tashi ta ɗauko ƙwarya. Kwana uku tana kaɗa nonon Wule har ta cika kwalba da man shanu. Ta ciro wata farar riga da ta sa aka ɗinka tun bara, ta naɗe. Kawu ya ce, "Adda, na wa ne wannan?"

Ta ce, "Ko wani zai buƙata a hanya."

Hanyar Najeriya ba ta da labari. Kano, Bauchi, Gombe, Yola. Kwana uku, faci biyu.

Abin da na fara gani a Kamaru gora ce a gicciye kan durom biyu. Can da nan ƙasa ɗaya, dawa iri ɗaya, awaki iri ɗaya. Na ce wa Kawu, "Wannan ce ƙasar wajen?"

Ya ce, "Rufe bakinka, ga jandarma nan. Duk mai kaki ka gani, ka ce masa wi shef, wato to shugaba. Ko zaginka ya yi, wi shef."

Jandarman ya zo da wando a matse da hula a karkace kamar faifai. Na zaci Faransanci zai yi mana. Sai ya buɗe baki da Fillanci. Inna ta ɗago kai, fuskarta ta washe, karo na farko tun da muka bar gida. Ta kama gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya dabbobi. Ko ɗaya bai amsa ba. Ya ce, "Tsohuwa, sauko." Ya sa sanda ya ture ƙunshinta daga mota. Farar rigar ta faɗa taɓo.

Shi ne karatuna na farko. A gida, wanda ya yi maka Fillanci ɗan'uwanka ne. A can kowa na yi, mai sayar da giya, mai yankan alade, mai dukan mutane. Harshen ne dai, amma an fige masa kunya kamar kaza.

Buhun gyaɗa uku muka ɗauko don hanya. Ɗaya ya zauna a boda. Aka ɗaga gora.

Dije ce ta fi kowa dariya a tafiyar nan. Ni da ita akwai wasan ƙanin miji. Da muka tsaya wani gari ta ga burodinsu, dogo siriri mai tauri, ta sayo ɗaya ta miƙo mini.

"Ƙanin miji, ga sandar kiwo an gasa maka. In ka gama kora shanu sai ka cinye."

Na ce, "Ajiye wa mijinki, shi ya saba dukan mutane da ita."

Dariyar ta tsaya. Ni haka bakina yake. Ban iya zagaye ba.

Mun ga mata a kan babur, zane a soke, suna tuƙi da kansu. Mun ga gari ya mutu da rana tsaka, kanti da ofis duk a rufe kamar an yi annoba, wai hutu suke. Mun ga auduga iya ganin ido. A gefen titi kuma akwai wasu fararen duwatsu masu jan kai, an yi musu rubutu, jifa kaɗan sai ka ga wani. Duk wanda muka wuce sai Inna ta motsa baki. Can Kawu ya lura.

"Adda, me kike karantawa?"

"Addu'a. Mutanen nan a bakin hanya suke binne mutanensu, ɗaya-ɗaya."

Kawu ya yi dariya har mota ta karkace. "Ba kaburbura ba ne, Adda. Awon hanya ne."

Ta mai da ido kan hanya. Amma ba ta daina ba. Na ga leɓenta.

Bayan Garwa muka bar kwalta. Ran Laraba ne. Dillalin ya gaya mana ziyara Alhamis da Lahadi ce kawai, kuma saura tafiyar rabin yini. Sai ruwa ya sauko. Muka tarar da wani shingen, wannan ba na jandarma ba ne, na ruwa ne. Dokarsu ce in an yi ruwa mota ba ta hawa jar hanya sai ta bushe. Mai shingen na zaune a rumfa yana gasa masara. Kawu ya durƙusa masa, mutum mai furfura, ya ce muna da mara lafiya a gaba.

Mutumin ya juya masararsa ya ce, "Wanda zai mutu zai mutu, ko kun je ko ba ku je ba."

Muna nan wata farar mota ta zo da wasu masu tabarau. Ya ɗaga musu da gudu har da sarawa. Mu sai Juma'a ya ɗaga mana. Alhamis ta tafi.

Garin da gidan yarin yake, ba zan faɗi sunansa ba. Bai cancanta ba. A tasha muka sauka. Ko injin bai huce ba wani mutum ya zo, da babbar riga da carbi, ya yi sallama da Hausar Kano tsantsa. Ya dubi lambar mota ya ce, "Ikon Allah! Mutanen gida!" Wai shi ɗan Karaye ne, iyayensa na Kwanyawa, shekararsa goma sha a nan. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi rafi, ya tambayi tsamiyar bakin hanya ko tana nan. Har hawaye ya yi. Ni ma da na ji Hausa sai na saki jiki. Ya ce ba a shiga gidan yari sai da takardar izini, amma babban wurin abokinsa ne. Buhu na biyu ya bi shi. Da la'asar ya kawo takarda mai tambari da hoton ganye. Ba mai karatun boko a cikinmu, balle Faransanci. Kawu ya sa ta cikin hula. Ba mu ƙara ganin ɗan Karaye ba.

Ran Lahadi muka je.

Gidan yarin na bayan gari, katangar dutse da ƙofar ƙarfe. Ranakun da ba na ziyara ba akwai shinge tun daga bakin titi, ba mai kusantar katangar sai masu sayar da abinci. A bakin ƙofa akwai rumfa, da tebur, da wani ƙaton littafi, da mai littafin. Gajere ne mai tumbi, yana sakace da tsinken ashana. Fillancinsa ya fi na duk wanda na ji a ƙasar. Ina jin cikin Fulani ya tashi. Ya san mu ciki da bai.

Kawu ya cire hula ya miƙa takarda. Mutumin ya duba, ya juya ta, ya ce, "Wa ke da tsutsa a cikinku?"

Takardar maganin feshin auduga ce.

Da ya gama dariya ya faɗi doka. Uba, ko uwa, ko mata. Ƙani ba ya shiga. Kawu ba ya shiga.

Dije ta matso.

"Sunan mijinki?"

Ita ma ba ta taɓa faɗa ba, Malam take ce masa. Ta dubi Inna, ta dubi ƙasa, ta ce, "Usmanu." Kamar mai tofar da garwashi.

"Takardar aure?"

"Wace takarda? Goro aka raba, liman ya ɗaura. Duk Gwangwan shaida ne."

"To je ki kawo Gwangwan ɗin." Ya nuna Inna da tsinke. "Ke ce uwar?"

Inna ta gyaɗa kai.

"Takardar haihuwa?"

Kawu ya ce, "Wi shef, a ɗaki ta haife shi. Ni na je kiran ungozoma."

"Ba komai. Ni mai sauƙin kai ne, ba na wahalar da tsofaffi. Ta faɗi sunan ɗanta ta shiga."

Na ce, "Usmanu."

Ban ga tasowarsa ba, sai dai na ji mari. "Kai ka haife shi?"

Ya koma ya zauna. Inna na tsaye da kwalba a hannu ɗaya, riga a ɗaya. Ta ce, a hankali, "Wanda wannan ta faɗa."

"Ban ji abin da ta faɗa ba."

"Yayan wannan."

"Ban san wannan ba."

"Mai sunan mahaifin maigidana."

Ya cire tsinken daga baki, ya yi murmushi. "Ɗan fari ne, ko?"

A nan na gane ba tambaya yake ba. Ya sani tun farko. Wasa ya samu.

Ya kira sauran masu kaki. "Ku zo ku ga uwar da ta manta sunan ɗanta!" Suka zo suka kewaye. Layin da ke bayanmu wasu na dariya, wasu na tsaki wai muna ɓata musu lokaci. Wasu matan Fulanin daji biyu suka rufe fuska da zane. Mai littafi ya sunkuyo yana yi wa Inna kamar mai kiran kaza da tsaba. "Haba, Inna. Ɗan kaɗan. U. Ce U. Ga ƙofa nan, taku biyar."

Gumi na zuba daga haɓarta. Na ga ta buɗe baki, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ba abin da ya fito. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya.

Ya rufe littafi. "Alhamis."

Akwai wata mata a gindin mangwaro tana sayar da fanke da wake. Kirista ce, da gicciye a wuya, ana ce mata Mama Mariya. Ta yi zama a Mubi, tana jin Hausa. Ta ga duk abin da ya faru. Ta taso da kujerarta ta zaunar da Inna, ta kawo ruwa a moɗa. Inna ta dubi gicciyen, ta dubi moɗar, ta sha.

Matar ta ce, "Na san ɗanki. Dogo, mai tari. Ni ke kai musu wake ciki. Ɗakin marasa lafiya nan yake jikin ƙofa, ta hagu."

Inna ta miƙa mata kwalbar ba tare da ta dube ta ba. "Ki ba wani da ke buƙata."

Mama Mariya ta karɓa. Ba ta tambayi wane ne ba. A duk ƙasar nan ita kaɗai ta fahimci maganar Inna ba ta mai da ita abin wasa ba. Ita ta ba matan wurin wanka a gidanta. Ko ƙwayar gyaɗa ba ta karɓa ba.

A tasha Kawu ya zauna gaban Inna. "Adda, nan ba Gwangwan ba ne. Ba wanda ya san ki. Ki faɗa sau ɗaya ki kurkure baki, magana ta mutu a nan."

Ta ce, "Ni na san ni."

Dije, wadda shekara goma sha biyu ba ta taɓa haɗa ido da Inna ba, ta miƙe tsaye a kanta. "Inna, ni na faɗa. Ga ni, ban mutu ba!"

Inna ta ce, "Ke ba ki haife shi ba."

Ni na tashi na bar wurin. Washegari da safe na wuce Inna ban gaishe ta ba.

Ran Talata Mama Mariya ta zo tasha ta ja ni gefen mota. Inna na zaune ta ɗaya gefen, tana tsince shinkafa. Tsakaninmu ƙarfen mota ne kawai.

Matar ta ce, "Na ba shi. Ya buɗe ya shinshina, ya ce man Wule ne. Ya ce ran Lahadi ya ji muryar matarsa. Ya ji an mare ka. Ya ce, muryar Inna ce kawai ban ji ba."

Na ce, "Sai me?"

"Ya ce shekararsa talatin da biyar bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya ce ba ya tilasta ta, ya san abin da ta riƙe. Amma in har za ta faɗa, ta ɗaga murya. Yana kwance jikin bango."

"Zai kai Alhamis?"

Ta buɗe tafin hannu. "Allah ya sani."

Ƙarar tsintar shinkafa ta tsaya tun tuni. Ban leƙa ba.

Ran Laraba da hantsi Inna ta ɗauki farar rigar ta nufi rafi, don har yanzu taɓon boda na jikinta. Ni ma na je ɗebo wa mota ruwa. Na tarar da ita can nesa da sauran mata, tana buga rigar a kan dutse. Duk bugu ɗaya sai bakinta ya motsa. Na matsa bayan wata ƙaya. Ta ce, "U." Ta buga. "Us." Ta tsaya kamar wadda ƙashi ya maƙale wa. Ta ɗebi ruwa ta wanke fuska. Ta sake. Ta daɗe tana haka, rana ta take, rigar ta fita tas tana ta bugu. Can na ji shi cikakke, ƙasa-ƙasa, kamar mai sata. Ta waiga da sauri. Ta gan ni. Na juya na cika jarkata.

Ran Alhamis muna idar da asuba muka tafi. Mu ne farkon layi. Inna ta ɗora rigar a ka, a ninke. Gindin mangwaro ba kowa, Mama Mariya ba ta fito ba tukuna. Mai littafi ya zo da hantsi, ya goge kujera, ya zauna, ya sa tsinke a baki.

"A'a, mai mantuwa! Kin tuno?"

Inna ba ta dube shi ba. Ta fuskanci bangon da ke hagun ƙofa. Ta sauke mayafi daga bakinta.

"Usmanu."

"Ban ji ba."

"Usmanu."

Ya sa yatsa a kunne yana sosawa. "Kunnen nan ya toshe yau."

Sai ta yi wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Muryar kiran shanu daga ƙetaren rafi. Kurciyoyin da ke kan katanga suka tashi.

"Usmanu! Usmanu! Ni ce!"

Layi ya yi tsit. Mu huɗu muka kasa kunne. Ko tari ne muke nema. Ba komai.

Mai littafi ya buɗe littafinsa. Ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya juya wani, ba ya sauri. Ya juyo da shi wajenmu ya aza yatsa kan wani layi da aka ja wa jan biro.

"Jiya da la'asar."

Kawu ya ce, "Ka sani tun da muka zo?"

"Doka ce. Sai an faɗi suna ake buɗe littafi."

Na yi kansa. Kawu ya rungume ni ta baya, tsoho, amma hannunsa kamar igiyar rijiya. Ya ce a kunnena, "Ɗaya ya ishe su, Iro. Ɗaya ya ishe su."

A lokacin Mama Mariya ta iso da gudu, ba tukunya ba faranti. Tasha ta je nemanmu don ta tare mu, muka yi saɓani. Kwalbar na hannunta. Man bai ragu ba sai wurin yatsa ɗaya. Ta ce ba ya iya haɗiya, a leɓe yake shafawa.

Gawa ba su ba mu ba. Tun jiya fursunoni suka binne shi. Mama Mariya ta kai mu bayan wata gonar auduga. Tudu-tudu ne ba dutse ba itace. Sababbi guda biyu. Ba wanda ya san wanne ne. Ban sani ba ko an yi masa wanka. Kawu ya tsaya tsakanin biyun ya yi addu'a, ya ce Allah ya san nasa. Dije ta faɗi tana birgima. Inna na tsaye, idonta a bushe, tana duban wannan tana duban wancan. Da za mu tafi ta sauke rigar daga ka ta miƙa wa Mama Mariya.

"Ki ba wani da ke buƙata."

Wannan karon maganar ba ta da wani ciki.

Muka juyo. Hanya ta bushe. Shingen ruwa a ɗage, mai masara har da ɗago mana hannu. Gaba kaɗan mota ta yi zafi, Kawu ya tsaya kusa da ɗaya daga fararen duwatsun nan. Muna jiran ta huce Inna ta yi magana, karo na farko tun bakin kabari.

"Ya ji?"

Kawu ya ce da sauri, "Ya ji, Adda. Wallahi ya ji. Mamaci na ji, malamai sun faɗa."

Ba Kawu take kallo ba. Ni take kallo. Ta san ban iya ƙarya ba.

"Iro. Usmanu ya ji?"

Zuciyata na tafasa tun Lahadi. Marin na nan a kuncina. Na ce, "Bai ji ba. Ran Lahadi ne yake ji."

Dije ta toshe baki. Kawu ya ajiye jarka ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Mai littafi ya fi ka imani. Shi ba ita ta haife shi ba."

Inna ta gyaɗa kai kawai, kamar wadda aka gaya wa farashin gishiri. Ta hau mota ta zauna kusa da naɗaɗɗiyar tabarmar.

Daga nan sunan bai ƙara barin bakinta ba. Duk farin dutse da muka wuce, "Usmanu." A boda jandarman nan mai hula kamar faifai ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, sunanki?" Ta ce, "Usmanu." Ya yi dariya ya karɓe buhu na uku, ya ɗaga gora. Yola, Gombe, Bauchi, Kano, muna ji.

A gida ma haka. Tana tatsar Wule tana faɗa. Tana shara tana faɗa. In za ta kira ni, shi take fara kira. Mutane suka ce ta taɓu. Ba ta taɓu ba. Sallarta daidai, tuwonta daidai, ta san kowa. Matan da ke yabonta dā suka riƙa kau da kai in ta wuce, wai Kamaru ta cinye mata kunya. Damina biyu ta yi ta rasu.

Na yi niyyar janye maganata ba sau ɗaya ba. In je in durƙusa in ce, Inna, ya ji. Kalma biyu ce. Na sha zuwa har ƙofar ɗakinta. Na buɗe baki, maƙogwarona ya motsa, ba abin da ya fito. Sai na tambaye ta ko akwai fura. A nan na san abin da ya riƙe ta ran Lahadi. Ɗanta ne ni.

Dije ta yi takaba ta yi aure a Zoza. Kawu Bala bai ƙara zama inuwa ɗaya da ni ba har ya bar duniya. Ban ƙara tsallake boda ba, ba na kuma sha'awa.

Yanzu ina Gwangwan, a gidanmu, ina noma gyaɗa da dawa, ina da shanu huɗu, duk jikokin Wule. Da aka haifa mini ɗan fari na sa masa Usmanu. Ran suna na shiga ɗaki na ce wa uwarsa, ba Shehu, ba wancan, ba yayan wane. Da sunansa za ki kira shi, kuma da ƙarfi. Ta yi kuka, danginta suka zo, aka ce gidan Iro ba kunya. Na ce na ji.

Ya girma, har ya fara gemu. Ga ta can a tsakar gida tana kiransa. Ga shi ya amsa.